A Kan Hanyar Yaboy, Daga Ndar Zuwa Salum

Kifin da ya kai ni gaɓar tekun Senegal bai wuce tsawon taƙi ɗaya da 'yan kai ba. Mutanen ƙasar suna ce masa yaboy, masana kuma sardinela. Ga ƙaya, ga maiƙo, ga araha, kuma da shi talakan Afirka ta Yamma ya daɗe yana gyara miyarsa, tun daga bakin teku har can ƙasashen da ba su da teku, inda yake isa a matsayin banda. Na daɗe ina jin cewa yana ƙarewa. Na so in ga inda ake fito da shi, da hannuwan da yake bi, da kuma inda yake tafiya yanzu da ya rage zuwa tukunya.

Daga arewa na fara. A Dakar na shiga motar haya irin mai cin fasinja bakwai, muka yi tafiyar wajen kilomita 260 har Saint-Louis, garin da masu shi ke kira Ndar, dab da iyakar Muritaniya. Watan Janairu ne, iskar arewa tana kaɗawa da sanyi mai shiga ƙashi. Doguwar gadar ƙarfe ta Faidherbe ce ke shigar da mutum tsibirin da tsofaffin benayen zamanin Faransawa suke, inda masu yawon buɗe ido ke yada zango. Ni dai na wuce, na haye wata ƙaramar gada, sai ga ni a Get Ndar, unguwar masunta.

Siririn tudun yashi ne, kogin Senegal ta gabas, tekun Atlantika ta yamma, har a wasu wuraren kana tsaye kana kallon ruwan biyu. Cunkoson wurin ya wuce misali: yara, tumaki, amalanken doki ɗauke da ƙanƙara da jarkokin fetur, mata da robobi a ka. Ta gefen kogi kwale-kwale ne jere gefe da gefe iya ganinka. Da gungumen rimi ko na maɗaci ake sassaƙa ƙasansu, sannan a ɗora katakai, kuma manyan cikinsu sun haura mita 20. Kowane da fentinsa ja da rawaya da kore, da sunan mahaifiyar mai shi ko na shehinsa a jiki. Ta gefen teku kuwa gidaje ne da ruwa ya cinye rabinsu, ɗaki a buɗe yana kallon igiyar ruwa, masu shi an kwashe su can cikin tudu, nesa da sana'arsu. A watan Oktoban 2003, da kogi ya cika yana neman shanye garin, hukuma ta sa aka yanka wata 'yar hanya mai faɗin mita 4 a jikin tudun, kudu da gari, don ruwan ya samu mafita. Teku ya karɓe aikin daga hannunsu, yau faɗin wurin kilomitoci ne. Ta nan masunta ke fita, nan ruwan kogi ke karo da na teku, kuma ɗaruruwansu sun rasa rayukansu a wajen.

A inuwar wani kwale-kwale na tarar da wani dattijo yana ɗinkin koma, ya maƙale bakinta da babban yatsan ƙafarsa. Wani saurayi ya yi mana tafinta daga Wolof. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, ina kifin ya tafi?" Bai ɗaga kai ba ya nuna arewa da allurar hannunsa. Ya ce, "Ɗana, da muna yara, bayan Asuba muke fita, kafin Azahar mun dawo jirgi na neman nutsewa. Yanzu 'ya'yana sai sun ɗauki ƙanƙara da guzuri, sun kwana a ruwan wasu."

Ruwan wasu da yake nufi na Muritaniya ne, kuma maganar tasa tana da tushe. Daga wajen Nuwamba zuwa Mayu iskar arewa tana ture ruwan sama daga gaɓa zuwa cikin teku, sai ruwan ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa, ɗauke da taki daga ƙarƙashin teku. Wannan takin ne ke raya ƙananan tsirrai da halittun da ido ba ya gani, su kuma su ne abincin yaboy, yaboy kuma abincin manyan kifaye da tsuntsaye da mutane. Shi ya sa wannan gaɓa, daga Maroko zuwa Gini, take cikin wuraren da suka fi ko'ina albarkar kifi a duniya. To amma teku yana ɗumama, masu bincike kuma sun ga garken yaboy yana gusawa arewa yana bin sanyi. Kifi bai san iyaka ba, sojan ruwa ya sani. Masuntan Get Ndar sai da lasisin da gwamnatocin biyu suka daidaita a kai suke shiga, kuma lasisin bai taɓa isar su ba. A Janairun 2018 masu gadin tekun Muritaniya suka harbe wani matashin masunci, garin Ndar ya kama da tarzoma. Yanzu ga wani sabon shinge: an kafa tashar iskar gas a cikin teku, kan iyakar ƙasashen biyu, a kusa da Jatara, wani wuri mai duwatsu a ƙarƙashin ruwa inda masu fatsa suka gaji kamun manyan kifi, kuma an hana kusantar tashar.

Da rana na ci cebu jen, shinkafa da kifi da kayan lambu, abincin da aka ce a nan Ndar aka fara shi, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na duniya a Disambar 2021. Asalin kifinsa cof ne, wani ƙaton kifin ƙasan ruwa mai farin nama. Shi ne kifin da ke bayan takardar sefa 2,000. Matar da ta dafa ta gaya mini cewa cof ya zama na otal-otal da na jirgin sama zuwa Turai, ita da yaboy take yi, shi ma ba kullum ba.

Hanyar da ta gangaro da ni kudu ta bi ta kusa da Fas Boy. Daga wannan ƙauyen masunta ne wani kwale-kwale ya tashi a Yulin 2023 da mutum 101, suna neman tsibiran Kanari na Sifaniya, tafiyar wajen kilomita 1,500. Bayan fiye da wata guda aka tsince shi kusa da tsibiran Kef Bad, mutum 38 ne da rai. A 2023 kusan mutum 40,000 suka isa Kanari daga gaɓar Afirka, a 2024 suka haura 46,000. Ba duka masunta ba ne, kuma ba kifi kaɗai ke korar matashi daga gida ba. Amma jiragen da ke ɗaukar su na su ne, matuƙan ma masunta ne, kuma mai jirgin da ya yi wata yana zuba fetur ba ya mayar da kuɗinsa, ba sai an daɗe ana lallashinsa ba zai sayar.

Kayar ta ba ni abin da ban samu a Ndar ba. Garin yana bakin wani kwazazzabo mai zurfi da ya tsago ƙasan teku har kusa da gaɓa, don haka manyan kifi suna nan kusa, masuntan garin kuma 'yan fatsa ne tun kakanni. A 1994, bayan an karya darajar sefa da rabi, dillalai suka riƙa sayen kifin fitarwa a wulaƙance. Masunta suka yi yajin aiki, suka kafa kwamiti, suka yanke cewa kowane jirgin fatsa akwati 3 kaɗai zai kawo a rana na wani jan kifi da ake fitarwa waje, masu babbar komar zobe kuwa tun kafin nan aka taƙaita su ga fita ɗaya a rana. Farashi suke nema su ɗaga, ba kare teku ba. Amma da suka ga an kama kaɗan an samu kuɗi fiye da na da, kifin kuma bai yanke ba, sai dokar ta zauna, ta haifi wasu. Wanda ya karya, tara ce, kuma maƙwabcinsa ne zai kai ƙararsa.

Babbar abokiyar gabarsu ita ce komar roba mai zare ɗaya, wadda kifi ba ya gani a ruwa. Tana da araha, tana kamu, amma in ta tsinke ta maƙale a duwatsu ba ta ruɓewa. Haka za ta yi shekaru tana kama kifi da kunkuru, su mutu su ruɓe a ciki, wasu su zo ci su ma su maƙale. Dokar Senegal ta haramta ta tun 1998, dokar 2015 ta sake jaddadawa, amma a gaɓoɓi da yawa na gan ta a shanye a fili. A Kayar ne kawai ban gani ba. Sun biya farashin hakan: rikicinsu da baƙin masunta masu kafa koma ya kai ga asarar rai a 2005. Ba na jin daɗin wannan ɓangare na labarin, domin waɗanda aka kora su ma 'ya'ya suke ciyarwa. Duk da haka, abin da na gani shi ne dokar da mutane suka yi da bakinsu ita ce ke aiki, wadda aka rubuto daga Dakar kuwa tana takarda.

Da yamma iska ta juya, sai wani wari ya rufe garin, ba ƙarnin bakin teku da hanci ke sabawa da shi ba, wani abu mai nauyi da ke zama a maƙogwaro. Masana'antar garin kifi ce a bayan gari. A 2022 wata ƙungiyar mazauna garin ta kai ta kotu a Thiès kan gurɓata iska da ruwa, kotu ta yi watsi da buƙatar a dakatar da ita.

A nan ne tambayar da na taso da ita ta fara samun amsa. Aikin irin wannan masana'anta shi ne ta dafa kifi, ta matse mansa, ta busar da sauran ta niƙa. Sai an zuba kilo 4 zuwa 5 na ɗanyen kifi kafin a samu kilo 1 na gari. Muritaniya tana da irinsu fiye da 20, galibi a Nuwadibu. Gambiya tana da 3, a Gunjur da Sanyang da Kartong, Senegal ma tana da nata. Wani rahoto da ƙungiyoyin Greenpeace da Changing Markets suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da tan 500,000 na ƙananan kifi ake kwashewa daga wannan gaɓa kowace shekara don wannan aiki, abin da zai ishi mutum miliyan 33. Garin da man suna tafiya Sin da Turkiyya da Turai, a ciyar da kifin salmon da jatan lande na kiwo, da aladu, da kaji.

Kiwon kifi ba abin ƙi ba ne, kuma ba za a iya komawa baya ba. Hukumar Abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 an samu tan miliyan 94.4 na halittun ruwa daga kiwo, karo na farko da ya zarce abin da aka kamo daga teku da koguna. Kamun teku ya tsaya cik tun wajen ƙarshen shekarun 1980, bakuna kuwa ƙaruwa suke. A 1974 kashi 10 cikin 100 na garkunan kifin teku ne ake kamawa fiye da ƙima, a 2021 ya kai 37.7. Dole a yi kiwo. Masu kiwon ma sun rage yawan garin kifi a abincin, sun ƙara waken soya, kuma wajen kashi ɗaya cikin uku na garin kifin duniya yanzu daga kai da hanji da ƙashin kifin da aka riga aka gyara ake yin sa, abin da babu mai jayayya da shi. Amma wanda ake niƙawa a wannan gaɓa kifi ne sukutum, lafiyayye, wanda da an bar shi da daren nan yana cikin miyar wani. A ɗauke shi daga bakin wanda ba shi da wani nama, a mayar da shi abincin kifin da mai wadata zai ci a wata nahiya, wannan ba ƙara abinci a duniya ba ne, kwashe shi ne daga ƙasa zuwa sama. Tun daga ranar, duk kifin kiwon da aka yaba mini, abin da nake fara tambaya shi ne me aka ciyar da shi.

Waɗanda abin ya fi faɗawa a kansu na same su a Jowal, mahaifar Léopold Sédar Senghor, shugaban ƙasar na farko. A bayan garin akwai wani makeken fili da ake kira Kelkom, inda mata ke yin banda. Dogayen murahu ne na bulo, ana jera yaboy a kai, a kunna wuta da kara da ciyawa, in ya gasu a ɓare fata, a cire kai, a barbaɗa gishiri, a shanya. Keccax suke ce masa. Daga nan manyan motoci ke ɗauka zuwa Burkina Faso da Mali da Gini. Hayaƙi ya kamata ya tare mini ido tun daga nesa. Abin da na tarar murahu ne da yawa a sanyaye, awaki na kwance a kansu.

Wata dattijuwa da ta gaji sana'ar daga mahaifiyarta ta ba ni kujera. Na ce, "Inna, yau ba aiki?" Ta ce, "Ɗan nan, aiki yana bakin ruwa, kuɗin sayensa ne babu." Ta bayyana mini yadda abin yake. In jirgi ya iso, mai masana'anta yana da mota da kuɗi a hannu, zai saye jirgin gaba ɗaya, babba da ƙarami, sabo da wanda ya fara laushi. Ita kuwa akwati kaɗan take iya saye, sau da yawa bashi. Masunci ba zai ƙi wanda ya biya shi nan take ba, ita ma ba ta ga laifinsa. A ƙarƙashinta akwai masu ɗauko kifi, masu ɓara, masu kawo kara, masu ɗaure kwali, duk in murhunta ya mutu nasu ya mutu. Da wannan sana'a ta aurar da 'ya'ya, ta biya kuɗin makaranta. Ba ta roƙi komai ba, abu ɗaya ta maimaita: a hana niƙa kifin da mutum zai iya ci.

A Jowal ɗin dai na ga wani abu da ya faranta mini rai. Tulin ƙananan tukwanen ƙasa a bakin ruwa, an ɗaɗɗaure su da igiya. Mata ne ke gina su, masunta su kai su teku su nutsar, domin halittar nan mai hannu takwas, wadda ake sayarwa Turai da Japan da tsada, tana son rami ta ɓuya ta yi ƙwai. Ana haɗa wannan da hutun da ake ba ta duk shekara, lokacin da ba mai kama ta. Tukunyar ƙasa ce, in ta fashe ta koma ƙasa. Ruwan da ke gaban garin yana cikin wurare 5 da gwamnati ta keɓe a Nuwambar 2004, faɗinsa murabba'in kilomita 174, da ciyawar ƙarƙashin ruwa inda ƙananan kifi ke girma, kunkuru ke kiwo. Masuntan garin ne da kansu ke sintiri.

Daga nan na nufi Salum, inda kogi ya rarrabu ya zama ɗaruruwan rassa na ruwan gishiri kafin ya shiga teku. A Tubakuta na shiga ƙaramin kwale-kwale. Gefe da gefe bishiyoyin mangurof ne, masu saiwoyi a waje da suka tsaya cikin laka, kuma a cikin saiwoyin nan ne yawancin kifin gaɓa ke yin ƙuruciyarsu, inda babban kifi ba ya iya kutsawa. Nan da can akwai tsibiran da ba ƙasa ba ce, ɓawon kawa da na katantanwar ruwa ne da mutane suka yi ɗaruruwan shekaru suna zubarwa har ya zama tudu, kukoki suka fito a kai. An ƙirga irinsu 218 lokacin da UNESCO ta sanya yankin cikin wuraren gado a 2011. Mutane sun yi wannan tsawon zamani suna ci daga ruwan nan ba su ƙarar da shi ba.

Reshen da ake kira Bambung an rufe shi ga kamun kifi tun ƙarshen 2003. Ƙauyukan kewaye ne suka amince, tare da ƙungiyar Oceanium ta Haidar El Ali, wanda daga baya ya riƙe ma'aikatar muhalli, ya kuma riƙe ta kamun kifi. A bakin reshen akwai hasumiyar katako da matasan ƙauyukan ke gadi a kai. Masu bincike sun auna kifin wurin kafin a rufe, suka ci gaba da aunawa shekara da shekaru, suka ga manyan kifi masu farauta sun dawo, har da cof. Matuƙinmu ya kashe inji muka tsaya. Ruwan ya yi ta fashewa da tsallen kifi, tsuntsaye na faɗawa suna ɗauka. Ya ce shi ma da farko yana cikin masu adawa, don a nan mahaifinsa ke kafa koma. Abin da ya sauya masa ra'ayi shi ne kamun da ake yi a bakin iyakar wurin, domin kifin da ya girma a ciki ba ya zama a ciki. Ya ƙara da cewa har yanzu akwai masu shiga da dare, kuma kuɗin biyan masu gadi, wanda ake samu daga wani ƙaramin masaukin baƙi, ba kullum yake isa ba.

Da ruwa ya janye sai ga mata sun fito cikin laka har gwiwa. A da, in za a ɗebi kawa, saiwar bishiyar ake sarewa da adda a tafi da ita. Yanzu sun kafa sanduna, sun rataya igiyoyi da aka jera tsofaffin ɓawo a jiki, 'ya'yan kawa su zo su manne su girma. Wannan ma kiwo ne, amma ba a zuba masa ko cokali ɗaya na abinci. Kawa tace ruwa take yi ta ci abin da ke ciki, ta bar shi ya fi yadda ta same shi tsabta. Bishiya ta tsira, kifin da ke fakewa a saiwarta ya tsira, da damina kuma a rufe ɗiba gaba ɗaya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kiwon halittun ruwa a duniya irin wannan ne da ba a ciyarwa. Ƙarfasa ma, wadda galibin abincinta tsiro ne, tana kusa da wannan sahu. Senegal ta kafa hukumar kiwon kifi tun 2006, amma abin da ake samu bai taka kara ya karya ba in aka gwada da ɗaruruwan dubban tan da ake fitarwa daga teku. Da za a tambaye ni inda ya kamata kuɗin tallafi ya tafi, igiyoyin matan nan zan nuna.

Sai dai dabarar Bambung da ta Kayar suna da iyaka. Cof da kawa mazauna wuri ɗaya ne, ƙauye zai iya tsare su. Yaboy matafiyi ne. Ko da Jowal ta kame hannunta, in ana kwashe garken a Nuwadibu, aikin banza ne.

Da wannan tunanin na koma Dakar, na je tashar jiragen kamun kifi. Manyan jiragen ƙarfe ne masu tsatsa, da tutar Senegal a bayansu, wasu da rubutun wata ƙasa da aka shafe da fenti amma bai ɓace ba. Da yawansu masu jan koma ne a ƙasan teku: koma mai nauyin ƙarfe a baki, tana tafe tana kankare duk abin da ta tarar, ciyawa da duwatsu da ƙwai, don a zaɓi jatan lande da 'yan kifaye masu tsada a watsar da saura matattu, kamar mai neman ɓera ya rushe rumbu. Doka ta keɓe wa kwale-kwale ruwan kusa da gaɓa, amma a duk garin da na tsaya sai an ba ni labarin jirgin da ya shigo da dare ya kashe fitila ya tafi da komar wani. An sha yunƙurin gyara. A 2012 gwamnati ta soke lasisin manyan jiragen waje 29. A Janairun 2014 sojan ruwa ya kama wani ƙaton jirgin Rasha, Oleg Naydenov. A Mayun 2024, bayan hawan shugaba Bassirou Diomaye Faye, ma'aikatar kamun kifi ta wallafa jerin jiragen da ke da izini, 132 masu tutar ƙasa, 19 na waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: baƙo ya samu ɗan ƙasa ya riƙe masa takardun kamfani, jirginsa ya zama na gida. Jerin bai faɗi ainihin masu jiragen ba. A Nuwambar shekarar yarjejeniyar kamun kifi da Tarayyar Turai ta ƙare ba a sabunta ba, aka yi ta murna a gaɓa, ko da yake jiragen Turai na wannan yarjejeniya galibi tuna suke kamawa can cikin teku, ba yaboy ba.

Akwai kuma gaskiyar da ba a son faɗa a bakin ruwa. Kwale-kwalen da aka yi wa rajista sun haura 17,000, kuma su ne ke kawo wajen kashi 80 cikin 100 na kifin da ake saukewa a ƙasar. Komar zobe ta jirage biyu tana iya kewaye garke guda ta ɗauke shi kaf. Da kifi ya ragu sai aka ƙara girman jirgi, aka ƙara ƙarfin inji, aka rage idon koma. Masana'antar gari ce ta sa wannan ya zama riba, domin ita ba ta tambayar girman kifi.

A gaɓar Hann, cikin Dakar, na tsaya kusa da wani ma'aikacin bincike yana ɗibar yaboy daga akwati yana ɗorawa a kan allon awo, yana rubutawa. Cibiyarsu tana nan kusa, kuma daga irin wannan rubutu ne ake sanin halin da garken yake ciki. Doka ta ce kada a sauke yaboy da bai kai santimita 18 ba, don a bar shi ya yi ƙwai ko sau ɗaya. Da yawa daga waɗanda ya ɗora a gabana ba su kai layin ba. Alƙalumansa suna haɗuwa da na takwarorinsa na Maroko da Muritaniya da Gambiya a wani kwamitin masana da FAO ke tarawa, kuma kwamitin ya yi shekaru yana faɗar abu ɗaya: ana kama yaboy fiye da ƙima, a rage sosai. Shawara ce, ba ta ɗaure kowa ba. Har na bar ƙasar, ƙasashen huɗu ba su da wani adadi guda da suka amince a kama a shekara, balle yadda za su raba shi a tsakaninsu.